Kuɗin da Ke Ƙasan Hoton Inna

Assalamu alaikum 'yan uwana masu bibiyata. Na ga saƙonninku, masu cewa Tahira kin ɓata, masu tambayar ko rana aka sa na ɓuya, har da wadda ta turo min hoton atamfar da take so a yi anko da ita. Allah Ya bar zumunci. Ba biki ne ya ɓoye ni ba. Ku gyara zama kawai, yau bakina da ɗaci kuma ba zan sa masa suga ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni ce auta a gidan Malam Yahya, a wani ƙauye gefen Makoda da ba zan faɗi sunansa ba. Sunayen mutanen ma duk na sauya su. Baba manomi ne, dawa da gyaɗa. Inna kuwa, Allah Ya ji ƙanta, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi tun kafin a haife ni. Yayana ɗaya ne, Ikrima, yana noman rani a Watari. Ni na gama NCE ina zaune, ina ɗan koyarwa a firamaren garinmu ba albashi.

Sai Sha'aban. Shagon cajin waya da POS gare shi a bakin tasha a Makoda. Dogo ne, mai son farar shadda da agogon da ya fi ƙarfin hannunsa, in zai yi dariya sai ya kare baki da tafin hannu. Iyayensa sun kawo kuɗin gaisuwa tun kafin damina, abin da ya rage a sa rana bayan kaka. Ina son sa, ban taɓa ɓoye muku ba. Kuma shi ya kawo min wannan masifar, yana murmushi.

Wata la'asar muna soro, yana kan benci ina kan tabarma, ya juyo min da fuskar wayarsa.

"Ke da kike da Turanci a baki kina koyar da ABCD kyauta? Akwai dandalin da in kika yi rubutu mutane suka danna miki alamar yabo, kuɗi ne. Dala, Tahira."

"Dala kuma? Ni 'yar ƙauye me zan rubuta?"

"Ƙauyen suke so. Sun gaji da kallon benaye. Ki ɗauki hoton turmin Inna ki gani."

Na ce to in sun cinye kuɗin fa, wa zan kama?

Ya kare baki ya yi dariya. "Blockchain ake ce wa abin. Duk abin da ya shiga ya zauna ke nan, ba mai goge shi, ba mai cin kuɗinki a ɓoye. Komai a fili yake."

A fili. Wallahi a lokacin daɗi maganar ta yi min, na ɗauka gaskiya da amana yake nufi.

Haka na fara. Yau na rubuta yadda Inna take matse tunkuza har mai ya fito, gobe yadda ake yaɓe rumbu, jibi hoton gyaɗa a shanya. A ƙasan kowane rubutu akwai lamba, abin da ya samu ke nan, kowa yana gani. Dala biyu, dala uku, wani lokacin ko ɗaya ba ta cika. In ya taru sai na tura asusun Sha'aban a kan dandalin, shi kuma ya ba ni naira, don ni ban san hanyar canzawa ba. Da shi nake sayen data da sabulu, na sayo wa Inna man zafi. A gida ba wanda ya sani. Inna dai takan ce, "Auta, wayar nan za ta cinye miki ido." Na ɗauka masu karanta ni suna can ƙarshen duniya. Wa zai neme ni a can daga garinmu?

Ana tsakiyar cirar gyaɗa ƙafafun Inna suka kumbura. Aka ce ƙoda ce. Muka tafi asibiti a Kano. Yaya Ikrima ya sayar da injin ban-ruwansa, wanda ya daɗe yana tara kuɗinsa kafin ya mallaka. Ni ma na kwashe duk abin da ke asusuna na tura wa Sha'aban, ya aiko min da tsabar naira na sayi magani. Da Yaya ya tambaye ni ina na samu, tsoro ya sa na ce wata ƙawata ce ta taimaka. Inna ba ta dawo gida da ƙafarta ba.

Bayan sadakar bakwai gida ya watse, ya rage daga ni sai Baba. Wata rana bayan azahar na zagaya zan ɗebo ƙaiƙayi, sai na gan shi a bayan rumbu. A tsugune yake, ya cire hularsa ya kifa fuska a ciki, kafaɗunsa suna rawa. Mutumin da ranar jana'iza shi yake ba mutane haƙuri. Na koma da baya a hankali, bai gan ni ba.

Wa zan faɗa wa? Innar da nake kai wa komai ita ce ba ta. Na zauna a gindin turminta na ɗauki waya na rubuta. Na rubuta warin asibiti, da yadda ta riƙe ɗan yatsana, da injin Yaya, da Baba a bayan rumbu da hularsa. Da Turanci na yi, don da Hausa ba zai fito ba. Na sa hoton hannunta a kan zanen gadon asibiti, da sauran lallen da na ƙunsa mata da babbar sallah. Ko ku yarda ko kar ku yarda, kuɗi bai zo raina ba. Kuka nake so na yi a inda ba wanda ya san ni.

Rubutun ya tafi inda ban zata ba. Mutane daga ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba suna ta yi min ta'aziyya, wata ta ce ita ma ƙoda ce ta ɗauke mahaifiyarta. Lambar ƙasan hoton kuwa tana ta hawa, sai da ta wuce dala ɗari biyu ta tsaya.

Sha'aban ya kira, muryarsa har rawa take.

"Tahira kin fashe! Kin ga lambar?"

"Inna ce fa ta rasu, Sha'aban."

"Allah Ya ji ƙanta, Ya sa ta huta. Amma kin ga lambar kuwa?"

Na kashe wayar. Na ce a raina murna ce ta yi masa yawa, namiji ne, bai san yadda zai faɗa ba. Kullum ni ce mai nema masa uzuri.

Ranar sadakar arba'in tsakar gidanmu ta cika da mata. An yi waina da gumba, ina sanye da hijabin Inna ruwan ƙasa mai ɗan ƙonewa a gefe, ina zagayawa da faranti. Tun safe na lura in na wuce sai hira ta tsaya. Na ɗauka tausayi ne.

Gwaggo Asama'u, ƙanwar Baba, tana zaune a ƙofar ɗakin Inna da leshinta mai duwatsu, kamar gidan suna ta zo. Ta yafito ni da hannu.

"Zo nan, 'yar dala."

Na durƙusa. Ta karɓi waya a hannun 'yarta ta kanga min a fuska. Hannun Inna ne. Lallen, zanen asibitin, da lambar a ƙasa, an zagaye ta da jan layi. A sama an rubuta: Matar yayanmu ta zama 'yar dala, masha Allah. Maijidda ce, ƙanwar Sha'aban, ta sa a status ɗinta na WhatsApp.

"Hannun wa ye wannan?"

"Na Inna ne, Gwaggo."

"Wannan lambar fa? An ce min in aka juya ta naira ta sayi saniya."

"Ba ta kai ba, Gwaggo, kuma ba duka..."

"Au, kin ma san lissafin." Ta juya ga matan. "Kun ji ko? Mu muna nan muna kuka, ita tana can tana ciniki. Yarinya, ko gawa ba a gama wankewa ba kika kai uwarki kasuwa?"

Wata tsohuwa ta ce, "Haba Asama'u, marainiya ce fa." Gwaggo ta ce marainiyar da ta fi ta kuɗi. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, ba a yi nisa ba ta ja ni gefe ta rage murya ta ce tunda Allah Ya hore, ya kamata a ce shinkafa aka dafa yau ba gumba ba, kuma rufin ɗakinta yana yoyo. Bakin da ya ce na sayar da uwata, shi yake neman kasonsa.

Na shige ɗaki na rufe ƙofa, na nemi inda ake gogewa. Babu. Na share rubutun na bar ɗigo ɗaya, na cire hoton. Ba a daɗe ba 'yar Gwaggo ta turo min saƙo: Anti, na farkon yana nan fa, akwai inda ake ganin sa. Ta haɗo da alamar dariya.

Da yamma Yaya Ikrima ya shigo ko sallama babu. Wani abokinsa ya buɗe masa asusuna gaba ɗaya. Ashe ba lambar ƙasan hoto kaɗai ake gani ba. Duk abin da na taɓa samu, da ranar da na cire, da wanda na tura wa, komai a jere, duk mai waya zai iya dubawa.

"Wannan sunan wa ye?" Ya nuna da yatsa mai kaushin fartanya.

"Sha'aban ne, Yaya."

"Nan ma shi. Nan ma shi. Wannan kuma ranar da aka kwantar da Inna ce. Ina can ina roƙon dillali ya ƙara min wani abu a kan injina, ke kina tura wa saurayi dala?"

"Canza min yake yi! Shi ne kuɗin maganin da na kawo, wanda na ce ƙawata ce..."

"To ƙarya kika yi a lokacin, ko yanzu kike yi?"

Abin da ya fita daga hannuna yana rubuce duniya tana gani. Nairar da ta dawo hannuna kuwa ba ta rubuce a ko'ina.

"Kuma kin san zamanin da muke ciki," ya ce. "Kin rataya wa gidan nan allo cewa akwai dala a ciki. Tsoho ɗaya da yarinya ɗaya, katangar ƙasa. Kin kyauta."

Daga ranar ban ƙara sakewa ba. Hedimasta ya tare ni da maganar alli da rufin aji. Matar da ba ta taɓa gaishe ni ba ta aiko a ba ta jari. Mai shagon unguwarmu ya ƙara min kuɗin sabulu yana dariya, wai ai ni ba a yi min ragi. Kowa ya san abin da ke aljihuna, har ya fi ni sani, don su lambar suke gani, ba su san rabi ma ba ya zuwa hannuna ba, sauran kuma a kulle yake sai a hankali ake sakin sa.

Baba kuwa harkarsa kawai yake yi. Yana fita masallaci ya dawo, ya amsa gaisuwata a taƙaice. Sai wata safiya yana zaune a kan buzunsa a inuwar ɗaki ya ce, "Tahira, ɗauko wayar."

Na ɗauko.

"An ce kin yi rubutu a kaina. A majalisa kowa da irin fassararsa. Karanta min da Hausa. Kar ki tsallake komai."

'Yan uwa, da a ce duka na ya yi da ya fi min sauƙi. Na durƙusa a gabansa na nemo na farkon, wanda ya ƙi goguwa, na fara juya shi Hausa. Abin da na gudu na faɗa da harshenmu, ga shi ina faɗa a gaban mai shi. Da na zo wajen rumbu na tsaya. Ya ce, "Ci gaba." Na faɗi hular, na faɗi kafaɗun.

Ya daɗe yana jan carbi.

"Babu ƙarya a ciki," ya ce. "Kin iya magana, kamar uwarki. Amma Tahira, na zagaya bayan rumbu ne don kar ke ma ki gani. Yanzu yaran da na yi wa huɗuba suna kallo na a sahu suna sunkuyar da kai. Jiya wani ya tambaye ni ko an ba ni nawa kason."

"Baba ka yafe min, wallahi ba don kuɗi..."

"Na sani. Da don kuɗi ne da na san abin da zan ce miki." Ya miƙe ya naɗe buzunsa. "Kukan nawa ne. Ba ki tambaye ni ba."

Duk wannan abin Sha'aban bai zo ba. Saƙo kawai: Ya gida. Ana ciniki ne. Zan shigo. Na rubuta masa cewa ya zo ya gaya wa Yaya Ikrima gaskiyar kuɗin maganin. Ya karanta, alamar ta yi shuɗi, bai amsa ba.

A zaman jiran nan ne wani tunani ya zo min. Tunda kowa yana iya buɗe nawa, ni ma ina iya buɗe nasa. Ban taɓa yi ba, ina ganin rashin kunya ne mace ta leƙa aljihun wanda za ta aura. Na buɗe.

Rabin da ba ya zuwa hannuna, ashe masu dannawa ake raba wa, kuma wanda ya riga dannawa, kuma asusunsa ya fi nauyi, shi ya fi samu. Na san da tsarin sama-sama, ban taɓa tambayar su wa ye ba. Sunan Sha'aban ne a can sama. A kan kowane rubutuna yana da kaso, tun daga turmin Inna. A kan hannunta kuwa ya samu abin da bai taɓa samu ba. Na kuma ga inda ya bi manyan dandalin ɗaya bayan ɗaya yana roƙo da Turancinsa: ku taimaki matata, uwarta ta mutu, ku danna mata. Shi ya yi tallan. Ni na yi kukan, shi ya zagaya da faranti.

Ya zo ranar Juma'a bayan la'asar, cikin sabuwar shadda ruwan toka da hula zanna, takalmi sau ciki yana ƙyalli. Turarensa ya riga shi shiga soro. Na fito da hijabin Inna, ban shafa ko hoda ba, ban kawo ruwa ba.

"Kin rame," ya ce.

"Wa ya ba Maijidda hoton?"

Ya sosa ƙeya. "A shago na nuna wa mutane. Alfahari nake da ke, Tahira. Laifi ne mutum ya yi alfahari da matarsa?"

"Ka gaya wa Yaya maganar kuɗin maganin?"

"Ikrima a fusace yake yanzu, bari ya huce." Ya gyara zaman agogonsa. "Ni ma da magana na zo. Hajiya ta ce a ɗan dakata da sa ranar. Kin san mutane, maganganu sun yi yawa. Wai yarinyar da ta iya fitar da sirrin gidan ubanta, gobe na gidan miji za ta fitar. Ni ban yarda ba fa, amma uwa ce."

Na dube shi sosai. Shaddar, hular, takalmin.

"Hajiya ta san da kuɗin me ka ɗinka wannan?"

"Kamar ya?"

"Na buɗe asusunka, Sha'aban."

Fuskarsa ta sauya. "Kika buɗe min asusu? Da izinin wa?"

Wallahi sai da na yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi. "Ba kai ka ce komai a fili yake ba?"

"Ai haka tsarin yake! Kowa ya danna yana samu, ba sata na yi ba. Da ban tallata ba wa zai gani? Ke kin san wahalar da na sha?" Ya sassauta murya, ya matso da bencin. "Ki saurare ni. Abin da ya faru ya faru, ba ya goguwa. To mu ci moriyarsa mana. Wannan rigimar da ake yi da ke, Gwaggonki, yayanki, abin da Baba ya ce, ki rubuta shi. Irin wannan suke so, wallahi sai ya ninka na farko. In kuɗin ya taru mu kama haya a Ungogo, mu bar musu ƙauyensu. Ki gaya min kafin ki saka, don na riga dannawa."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Mutumin da na yi wa tanadin kaina ke nan.

Sai muka ji gyaran murya daga ƙofar cikin gida. Baba ne, da buta a hannu, hannayen rigarsa a naɗe. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Sha'aban ya zame daga benci ya durƙusa.

"Barka da yamma, Baba."

"Barka kadai. Sha'aban, ita na ji nata. Kai nawa ka samu?"

"Baba, ai... abin ba haka yake ba, tsari ne na..."

"Ban san tsari ba, manomi ne ni. Matata ce a hoton, ni ne a bayan rumbun. Nawa ka samu?"

Sha'aban ya faɗa, a hankali, kansa a ƙasa. Baba ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin taki.

"To madalla. Ka gaya wa Hajiyarka ba sai ta dakata ba. Gobe ka turo wanda ya kawo kuɗin gaisuwa ya zo ya karɓi abinsa, yana nan yadda aka kawo shi."

Sha'aban ya ɗago ya dube ni, yana jira na yi kuka, na roƙa, na ce Baba a yi haƙuri. Ni kuwa takalminsa kawai nake kallo. Ya tashi ya fita, na ji ya tayar da babur.

Na juya zan yi wa Baba godiya, ko na ba shi haƙuri, ni kaina ban san wanne ba. Bai dube ni ba. Ya tsuguna a bakin soro ya fara alwala, ya wanke hannu, ya kurkure baki, sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Wannan ma za ki rubuta?"